Tafiya Ba Ta Ƙare Ba Sai An Shiga Gida



Duk lokacin dogon hutu, daga Yuli zuwa Satumba, hotuna sukan cika wayoyinmu: iyali a cikin mota mai buɗaɗɗen rufi, yara sun leƙo da kai, giwa tana tsallaka hanya a gabansu. Wani ɗan'uwa da ke aiki a Legas, ko wata 'yar'uwa da ke zaune a Ingila, sun kwashi yara sun tafi Kenya ko Tanzaniya ganin namun daji. Da an ga hotunan, sai mu rabu gida biyu. Wasu su ce ɓarnar kuɗi ce, ana fama da kuɗin makaranta da tsadar masara, wa ke da lokacin kallon zaki? Wasu kuma su yi shiru, amma a zuci suna cewa, ni ma sai na je, ko da bashi zan ci.

Ra'ayinmu shi ne, kai yara su ga namun daji a inda suke zaune abu ne mai kyau, ya kuma cancanci iyali su tara masa kuɗi. Sai dai akwai abu biyu da muke yawan mantawa. Na farko, komowa gida rabin tafiyar ce, kuma ita ce rabin da ba a cika shirya mata ba. Na biyu, namun dajin da muke ƙetare ƙasashe don mu gani, akwai 'yan'uwansu a bayan gidanmu, suna kuwa ƙarewa ba mu ko leƙa su ba.

Abin da ake zuwa gani

Kalmar safari ta Sawahili ce, ma'anarta tafiya. Daga Larabci ta fito, tushenta ɗaya da safara da kakanninmu suka yi da jakuna da raƙuma. Wuraren da suka fi suna su ne Serengeti a Tanzaniya da Masai Mara a Kenya. A taswira gandun daji biyu ne, amma a ƙasa fili ɗaya ne da iyakar ƙasa ta raba. Serengeti ya zama gandun daji na ƙasa a 1951, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 14,750. Masai Mara bai kai haka ba, kusan murabba'in kilomita 1,500 ne.

Abin da ke jan mutane can shi ne ƙaurar wata dabba da ake kira nyumbu da Sawahili, dangin kanki ce, mai gemu da ƙaho kamar na sa. Sun fi miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa da barewa masu ɗimbin yawa, suna zagayawa duk shekara suna bin ruwan sama da sabuwar ciyawa. Wajen Fabrairu sukan haihu a kudancin Serengeti. Idan rani ya shigo sai su nufi arewa, daga Yuli zuwa Oktoba su riƙa ƙetare kogin Mara, inda kadoji ke jiransu a ruwa, zakuna kuma a bakin gaɓa. Ba makiyayi, ba sanda, ba mai kora, amma kowace shekara suna komawa inda suka fito.

Gani ya kori ji. Yaron da ya karanta a littafi cewa giwa takan ɗauki ciki wata 22, kuma tsohuwar uwa ce ke jagorar garke, ya san magana ce kawai. Ranar da ya ga garken ya tsaya cik domin jaririyar giwa ta gaji, manya sun kewaye ta har ta huta, abin zai zauna masa a zuciya har tsufa. A dawa mutum yakan ga ƙanƙantarsa a gaban aikin Mahalicci. A nan ne kuma iyali sukan zauna awa huɗu ko biyar wuri ɗaya, babu intanet, baba da yara suna kallon abu ɗaya suna magana ƙasa-ƙasa. A gidajenmu na yau, wannan ma kaɗai abin nema ne.

Saboda haka ba mu tare da masu cewa duk wanda ya je ya yi wauta. Wanda Allah ya hore masa, ya biya kuɗin makaranta, ya duba iyayensa, ya kuma ga ya kai yaransa, bai yi laifi ba. Kada kishi ya sa mu mai da abin kirki abin zargi.

Lissafin da hoto ba ya nunawa

Hoto ba ya faɗin kuɗi. Tun 2024, kuɗin shiga Masai Mara ga babban mutum baƙo dala 200 ne a rana daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 kuma daga Janairu zuwa Yuni. Wannan kuɗin ƙofa ne kawai. Ba a sa tikitin jirgi ba, ba a sa masauki da abinci da hayar mota da ladan jagora ba. Miji da mata su kaɗai, kwana uku a lokacin ƙaura, sun biya dala 1,200 kafin su ga ko ɓera. Kowa ya mai da shi naira ya gani.

Wannan ya sa muke cewa wa 'yan'uwa matasa, musamman sababbin ma'aurata: kada ku ci bashi don tafiyar shaƙatawa. Kwana biyar za a yi a dawa, amma bashin zai kwana da ku shekara guda, kuma shi ne zai riƙa tayar da rigima a ɗaki bayan an manta da zaki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan har ana son zuwa, a yi adashi, a ware kuɗin a hankali, a sa rana ko da shekara biyu ce a gaba. Yaran ma za su koyi wani abu daga jiran.

Rabin tafiyar da ake mantawa

Yawancinmu mukan zuba duk hankalinmu a kan tashi: fasfo, tikiti, sababbin kaya, wa zai kai mu filin jirgi. Komowa kuwa sai a ce, ai jirgi ne zai dawo da mu. Bari mu bi hanyar mataki-mataki.

Iyali sun tashi daga masauki a Masai Mara da sassafe. Daga can zuwa Nairobi ta garin Narok tafiyar awa biyar zuwa shida ce a mota. A filin jirgi ana so a isa awa uku kafin tashi. Daga Nairobi zuwa Legas kai tsaye awa biyar da wani abu ne. Wanda ya bi ta Addis Ababa domin ya sauka a Abuja ko Kano zai hau jirgi biyu, da zaman jira a tsakani wanda wani lokaci yakan kai kwana. An sauka, sai layin duba fasfo, sai jiran jakunkuna, sai kwastan. Agogon Kenya yana gaban namu da awa biyu, don haka yaran da suka tashi ƙarfe biyar na asuba a can, ƙarfe uku na dare ne a nan.

Mu kuma yawancinmu ba a bakin filin jirgi muke zaune ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mai zuwa Jos daga Abuja yana da sauran awa huɗu ko biyar. Mai zuwa Gombe, Biu, Yola ko Mubi yana da yini guda cur a hanya. Idan aka haɗa duka, daga ƙofar masauki zuwa ƙofar gida yakan wuce awa 24, wani lokaci kwana biyu.

A wannan rabin ne ake yin kuskuren da ya fi tsada. Jirgi ya sauka da yamma, kuɗi ya ƙare, baba yana so ya je aiki ranar Litinin, sai a ce a daure a kama hanya. Mutumin da bai yi barcin kirki ba tun jiya ya zauna a kan sitiyari, da mata da yara a baya, cikin dare, a hanyar da kowa ya san halinta: ramuka, manyan motoci marasa fitila, ga kuma masu tare hanya. Gyangyaɗin daƙiƙa biyu ya isa. Mai barci a kan sitiyari ba ya sanin lokacin da idonsa ya rufe, kuma kofi da goro da buɗe gilashi ba sa biyan bashin barci.

Don haka muna roƙo: a sa kuɗin kwana ɗaya a garin da jirgi zai sauka a cikin lissafin tafiya tun farko, kamar yadda aka sa kuɗin tikiti. Idan babu kuɗin masauki, akwai dangi, akwai 'yan'uwa a kowane babban gari da za su shimfiɗa tabarma da murna idan an sanar da su da wuri. A kwana, a tashi da safe, a isa da rana. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Kada kuma a sa ranar komowa ta zama jajibirin komawa aiki ko makaranta. A bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani, domin jirgi yakan makara, jaka takan ɓata, yaro yakan yi zazzaɓi.

Akwai ƙananan abubuwa da ke sauƙaƙa hanya. Katin rigakafin shawara, wanda ake kira katin rawaya, a ajiye shi tare da fasfo, domin ana iya tambayarsa a zuwa da komowa. Allurar tana bukatar kwana 10 kafin ta fara aiki, tun 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa har ƙarshen rai. Magungunan da ake sha kullum, na hawan jini ko na suga, da kayan canji na yara, su zauna a jakar hannu, kada a sa su a babbar jakar da za ta iya kwana a wata ƙasa. Zaman da ya wuce awa huɗu wuri ɗaya yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, musamman ga tsofaffi da masu juna biyu, saboda haka a riƙa miƙewa ana ɗan takawa, a sha ruwa sosai. Bayan an dawo, duk wanda ya yi zazzaɓi a je asibiti a yi gwaji, a kuma gaya wa likita inda aka je. Yaran da aka haifa a Turai ko Amurka ba su saba da zazzaɓin cizon sauro ba, yakan kama su da ƙarfi, kuma yakan ɗauki mako guda ko fiye kafin ya bayyana.

Game da tsaraba, kada a sayi wani abu na hauren giwa, ko fata, ko haƙori, ko farcen naman daji, komai ƙanƙantarsa. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, shekarar da Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta a Nairobi. A 2016 Shugaba Uhuru Kenyatta ya ƙone tan 105. Ƙasar da ta yi haka ba za ta yi wasa da wanda aka kama da awarwaron haure a jaka ba. Ban da tsoron hukuma ma, ba daidai ba ne mu nuna wa yaro giwa da safe, da yamma mu saya masa abin da aka kashe ta dominsa.

Sai haƙuri. A awa na ashirin na tafiya ne ake sanin halin iyali. Yaro yana kuka, jaka ɗaya ba ta fito ba, mama ta gaji, baba yana lissafin abin da ya rage a aljihu. Kalma ɗaya mai zafi a bakin wurin karɓar kaya tana iya shafe daɗin kwana biyar. Yara sukan manta sunayen tsuntsayen da jagora ya faɗa musu, amma ba sa manta yadda baba ya yi wa mama magana, ko yadda ya yi wa ma'aikacin da ba shi ne ya ɓatar da jakar ba. Matasa da ke cikin tafiya, wannan ne lokacinku: ku ɗauki kaya, ku goya ƙanne, ku bar wa iyaye kujera.

Namu na gida

Yanzu ga tambayar da ta fi damunmu. Cikin waɗanda ke mafarkin Serengeti, mutum nawa ne suka taɓa zuwa Yankari?

Yankari yana Jihar Bauchi, kusan kilomita 110 daga garin Bauchi zuwa masaukin Wikki. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, a 2006 kuma ya koma hannun gwamnatin jiha. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 2,244 ne, wato ya fi Masai Mara girma. Akwai giwaye, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, dorina, kada, gadu, da birai masu yawa waɗanda ba sa jin kunyar ƙwace abinci a hannun baƙo. Da rani, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, ruwa yakan janye daga ko'ina, dabbobi su taru a bakin kogin Gaji, a nan ake ganinsu. Ga kuma ruwan ɗumi na Wikki, garau kamar gilashi, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Iyali daga Jos ko Gombe za su tashi da safe su isa kafin la'asar, ba fasfo, ba dala.

A Taraba da Adamawa akwai Gashaka Gumti, gandun daji mafi girma a Najeriya, inda dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar yake, Chappal Waddi, mai mita 2,419. Wanda ma bai iya nisa ba, akwai gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972.

Kada mu ruɗi kanmu, Yankari ba Serengeti ba ne. Dajin ya fi duhu, dabbobin sun fi tsoro, za a iya fita yini guda ba a ga giwa ba. Amma dalilin da ya sa haka shi ne abin da ya kamata ya tayar mana da hankali. Masu kula da dajin suna ƙiyasta giwayen da suka rage tsakanin 100 zuwa 150, su ne kuwa cikin manyan garkunan da suka saura a ƙasar nan. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kusan 400 ne, na Najeriya ba su kai 50 ba. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka, wadda mazauninta na ƙarshe arewacin Kamaru ne, an tabbatar ta ƙare a duniya a 2011. Sunayen nan suna cikin tatsuniyoyinmu da karin maganarmu da kirarin sarakunanmu. Idan aka ci gaba haka, jikokinmu za su riƙa cewa giwa ta wuce, ba su san mece ce giwa ba sai a talabijin.

Ƙarewar ba dole ba ce. A Nijar, kusa da Kure, raƙuman dawa na yammacin Afirka sun ragu har zuwa 49 a 1996. Da hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai suka tsare su, sun haura 600. Kenya ta hana farautar namun daji tun 1977, kuma abin da ke riƙe gandun dajinta shi ne kuɗin baƙi: shi ke biyan masu gadi, shi ke sa mutanen gefen daji su ga cewa zaki mai rai ya fi matacce amfani. Dajin da ba mai zuwa ganinsa, maharba da masu sare itace da masu gawayi ne za su gaje shi. Kowane tikitin shiga Yankari shaida ce ga hukuma cewa wurin yana da masu so.

Mun san akwai masu cewa, ku kuna maganar giwa, mu giwa ta cinye mana gona. Gaskiya ne, manoman da ke gefen Yankari sukan yi asarar dawa da masara a dare ɗaya, domin babbar giwa tana iya cin kilo 150 a rana. Duk maganar kare namun daji da ba ta duba cikin manomi ba, ba za ta yi nisa ba. A Kenya an gano cewa giwa tana gudun ƙudan zuma, sai manoma suka riƙa kewaye gonaki da amya, giwa ta kauce, su kuma su sami zuma. Irin wannan dabara ce ya kamata matasanmu masu karatun noma da gandun daji su sa a gaba.

Akwai kuma maganar tsaro, ba za mu ɓoye ta ba. Wasu dazuzzukanmu, kamar Kamuku a yankin Birnin Gwari, ba wurin kai iyali ba ne a yanzu. A Kure ma an kashe mutum takwas a harin Agusta 2020. Duk inda za a je, a tambayi mutanen wurin halin hanya a makon da za a tashi, a tafi da rana, a dawo da rana. Ƙa'idar da muka faɗa game da komowa daga Nairobi ita ce dai ta komowa daga Wikki.

Abin da za mu iya yi

Iyalai da yawa a cikinmu ba za su taɓa iya hayar mota su kaɗai ba, amma iyali biyar za su iya cika bas ɗaya. A fara tara kuɗi bayan girbi, a sa rana cikin rani, a nemi direba mai hankali wanda zai kwana ya huta, a ɗauki abinci da ruwa daga gida. A bar kujera biyu ko uku domin marayu da yaran da iyayensu ba su da hali. A ɗauki tsoho ɗaya ko biyu waɗanda suka san sunan kowane itace da sawun kowace dabba, domin su ma littafi ne da ke gab da rufewa. A daji a bi maganar jagora: kada a sauka daga mota, kada a ba birai abinci, kada a bar leda ko roba.

Ku kuma 'yan'uwa da Allah ya ba ikon zuwa Kenya ko Tanzaniya, idan kun dawo kada ku tsaya ga hotuna. Ku zauna da yaran unguwa ku ba su labari, ku gaya mana yadda mutanen can suke kula da abinsu, ku faɗi gaskiyar kuɗin da wahalar hanya domin kada wani ya yi tsalle ya faɗa rami. Shekara mai zuwa kuma ku kai yaranku Yankari, su san cewa ƙasarsu ma tana da giwa.

Mu da muke gida, aikinmu shi ne mu tarbi matafiya. Mu tambayi lokacin saukarsu, mu hana su kama hanyar dare, mu kai musu abinci mai zafi, mu bar su su yi barci kafin mu tambayi tsaraba.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da komowarku, ya kawo kowane matafiyi gida lafiya. Amin.